Giyar tukunya da rumbun hatsi a ƙasar Dakoro

A ƙasar Dakoro, in mutum ya ce za shi mashaya, ba mai ɗaga kai ya dube shi, gama kowa ya san bakin rijiya yake nufi, can inda shanu da raƙuma ke cincirindo tun da hantsi suna jiran guga. A Maraɗi ko Yamai kuwa kalmar tana da ma'ana ta biyu, watau gidan da ake sayar da giya. Irin wannan mashaya ba a yi mata shela, kuma mai zuwa can ba ya son a gan shi. Amma ba haka abin yake ba tun fil azal. An yi zamanin da, a waɗansu ƙauyuka tsakanin Gulbin Kaba da kwarin Tarka, tukunyar giya tana cikin kayan aikin gona kamar yadda hauya take. Ba a kanti ake sayen abin da ke cikinta ba, matan gida ke dafa shi da hatsin da aka noma a bayan gari. Kowa ya san addini ne ya sauke wannan tukunya daga kan murhu. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, rumbu ma ya sa hannu.

MASU GADO

Garin Dakoro yaro ne in an gwada shi da ƙasar da yake mulki. A 1947 Turawan Faransa suka kafa bariki a wurin, wajen kilomita 120 arewa da Maraɗi, domin su sa ido bisa makiyaya da manoman da ke ta hawa arewa neman sabuwar gona. Birnin Lalle kuwa, da ke nan kusa, tun ƙarnukan da suka shuɗe Gobirawa suka zauna cikinsa bayan fitowarsu daga Azbin, kafin su gangara har su kai ga gina Alkalawa. Manoman da suka sare dajin wannan yanki a farkon ƙarni na 20 sun fito ne daga Gobir da Katsina da Adar, kuma ba dukansu ne masu salla ba. A cikinsu akwai Azna, waɗanda a kwarin Maraɗi ake ce wa Anna, a ƙasar Kano kuma Maguzawa.

Abin da ya riƙe zaman Azna shi ne gado. Kowane dangi da nasa: waɗannan noma, waɗancan farauta, waɗansu ƙira, waɗansu su. Kowane gado kuma da iskokinsa, waɗanda babban gida ke yi wa yanka kafin shuka da bayan girbi. Bafaranshen nan Guy Nicolas, wanda ya daɗe yana bincike a ƙauyukan Maraɗi, ya bayyana wannan tsari cikin littafinsa na 1975, kamar yadda Ba'amurke Joseph Greenberg ya yi game da Maguzawan Kano a 1946. A irin waɗannan gidaje ba a taron kirki ba giya, ko na aure ne, ko na mutuwa, ko na yanka.

Babban taro shi ne na dubu. Manomin da Allah ya ba dami 1,000 a shekara guda yakan tara jama'a, ya ciyar, ya shayar, ya rabar da abin da ya tara, sa'an nan a kira shi sarkin noma. Mace ma tana da nata, watau kan ƙwarya, inda take fitowa da sunan tambara. Amma dubu abu ne na jefi-jefi. Inda giya ke da aiki kowace damina shi ne wurin gayya. Mai gona ya kira samarin gari da makaɗa, su kama kunya-kunya tun da safe, rana na take tsaka a sauko da tuluna daga gida. Maƙwabcinsa Musulmi shi ma yakan kira gayya, sai dai fura da tuwo da goro yake fitarwa. Aiki ɗaya ne, abin cikin ƙwarya ne ya bambanta.

AIKIN MAKO GUDA

Wanda bai taɓa gani ba yakan ɗauka giyar tukunya jiƙo ne kawai da aka bari ya lalace. Ba haka ba ne. Aiki ne na mako guda cur, kuma kuskure ɗaya ya isa ya mai da hatsin wata guda abincin awaki.

Da fari mai dafawa takan auna hatsi ko dawa, ta wanke, ta jiƙa a randa kwana ɗaya. Sa'an nan ta tsame, ta baza a inuwa bisa tabarmar kaba, ta rufe da ganye ko tsohon buhu, tana yayyafa ruwa safe da maraice. Cikin kwana 3 ko 4 ƙwaya ta tsira, ta fid da saiwa fara sol kamar zare. To, a nan asirin abin yake. Ƙwayar da ta tsira takan saki waɗansu sinadarai masu narkar da garin da ke cikinta ya koma zaƙi, domin ta ciyar da ɗan tsiron. Mai giya takan tare wannan aiki a tsakiya. Ta shanya ƙwayar a rana har ta bushe ƙayau, ta murje saiwa da tsiro, ta bakace. Murjewar nan ba kwalliya ba ce. Makiyayan Tarka sun san gyauron dawa na kashe saniya, kuma gubar da ke cikin gyauro ita ce dai cikin ɗanyen tsiron dawa, wadda masana ke kira sayanayid. Murjewa da doguwar dahuwa su ke kawar da ita.

Bayan niƙa sai a dama garin da ruwa cikin babbar tukunya, a bar shi ya kwanta. Nan mai giya takan yi wani abu da baƙo zai ɗauka ɓata lokaci ne. Ta tsiyaye ruwan sama ta ajiye gefe, ta ɗora ƙullun da ya kwanta bisa wuta shi kaɗai, tana tuƙawa da muciya har ya yi kauri, ta sauke ya ɗan huce, kana ta mayar masa da ruwan nan da ta ajiye. Nan da nan kaurin ya tsinke, zaƙi ya fito. Dalili kuwa shi ne, garin dawa ba ya nuna sai zafi ya kai wajen digiri 70 ko fiye, alhali irin wannan zafi yana kashe sinadaran da ke kawo zaƙin. Ruwan da ta tsiyaye shi ke ɗauke da su, ta tsirar da su daga wuta ke nan. Sha'ir ɗin da Turawa ke yin giya da shi bai da wannan matsala, gama garinsa na nuna tun zafi bai kai haka ba. Sa'ad da gwamnatin Nijeriya ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, manyan masana'antun giya na Legas da Kaduna suka koma ga dawa, sai ga injiniyoyinsu suna fama da matsalar da matan ƙauye suka daɗe da warwarewa, ba su da wani ma'aunin zafi sai yatsa.

Sauran aikin haƙuri ne. A bar haɗin ya kwana ya yi tsami kamar ƙullun koko, a tace da kwando, a sake ɗorawa bisa wuta sa'o'i masu yawa ana kwashe kumfa, a sauke ya huce sarai, sa'an nan a zuba masa ɗan ragowar giyar da ta gabata, wadda ke ɗauke da yisti. Kafin gari ya waye tukunya na tafasa ba wuta a ƙarƙashinta. Abin da ya fito, wanda a kudu aka fi sani da burkutu, ruwa ne mai duhu, mai kauri, mai tsami, ƙarfinsa bai cika wuce kashi 3 zuwa 6 cikin 100 ba. Ba ya ajiyuwa. Kwana biyu ko uku ya zama ruwan tsamin da ko jaki ba ya so. Shi ya sa ba a iya ɓoye shi a ɗaka a riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan, ba a kuma iya ɗora shi a raƙumi zuwa wata ƙasa. Dole a sha shi cikin jama'a, ranar da ya nuna, gaban dattawan da ke ganin ƙwarya nawa kowa ya ɗaga.

LISSAFIN RUMBU

Mai karatu ya dubi ƙasar da ake wannan aiki cikinta. A Dakoro, shekarar da aka ce an gode Allah, ruwan sama bai cika wuce milimita 300 zuwa 400 ba. Hatsi ke bisa tudu, dawa sai a kwari. Buhu mai kilo 100 tiya 40 ne, kuma husa'o'in noma na lissafin kowane mutum yana bukatar fiye da kilo 200 na cimaka a shekara. Ashe ke nan buhun da aka jiƙa domin gayya abincin mutum guda ne na wata 5. Ga shi kuma ana jiƙa shi ne lokacin noman fari, sa'ad da rumbu ya riga ya yi ƙasa, sabon hatsi bai ko fid da kai ba.

Magabatan Azna ba wawaye ba ne, sun san wannan lissafi. A wurinsu giyar gayya jari ce: ka zuba buhu guda a tukunya, ka sami hannu 30 a gona rana ɗaya, kaka ta mayar maka da ribi. Lissafin yana fita muddin akwai dajin da za a sare, akwai kuma saurar da za ta huta shekaru kafin a komo mata. Daji kuwa ya ƙare. Tun 1961 doka ta shata iyakar noma ta arewa domin a bar wa makiyaya nasu, manoma suka cika kudancinta maƙil, har suka tsallaka. Gonaki suka daina hutawa, dami ya ragu, bakunan da ke ci suka ƙaru. Tsofaffi sun gaji labarin Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 daga iyayensu, amma farin 1973 zuwa 1974 da idonsu suka gan shi, haka nan yunwar 1984, wadda mutanen jahar Maraɗi suka raɗa wa suna El Buhari saboda ta zo daidai da rufe iyakar Nijeriya. A 2005 kuma, shekarar da buhun hatsi ya doshi jika 30 a kasuwanni, Dakoro na cikin garuruwan da ƙungiyar likitoci ta Médecins Sans Frontières ta buɗe wurin jinyar yaran da tamowa ta kama. Gidan da ya taɓa tona gidan tururuwa neman ƙwaya ba ya bukatar malami ya gaya masa kada ya jiƙa tiya 40.

Ga kuma zancen itace. Giya sau biyu take hawa wuta, ta biyun kuwa yini ake yi ana iza murhu. A ƙasar da mata ke tafiyar rabin yini neman ƙirare, wata sa'a su komo da kara da kashin shanu, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ba banza ba a Maraɗi aka yi babban taron ƙasa na kokowa da hamada cikin watan Mayu na 1984.

Gayya ita ma ta ja baya. Saurayin da ya je cin rani Kano ko Legas ya ga kuɗi, ba ya yini a gonar wani domin ƙwaryar ruwa. Ɗan barema ya maye gurbin ɗan gayya, shi kuwa da sefa ake sallamarsa. Wadda ta fi jin wannan canji a jikinta ita ce mai dafawar. Da hatsin gamanarta take sana'ar, ranar kasuwa ta fitar da tulu biyu ko uku, da cinikin take sayen akuya, take tara wa ɗiyarta kayan ɗaki, dusar kuma ta tafi ga dabbobinta. Da tukunya ta sauka sai ta koma ga ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da fura da ƙosai, sana'o'in da kowace mace a gari ke yi, riba kuwa sai a hankali.

DAGA ZAMFARA ZUWA MARAƊI

Hukuncin Musulunci a kan abin maye ba ɓoyayye ba ne. Aya ta 90 cikin Suratul Ma'ida ta haramta shi, kuma a mazhabar Malikiyya haddin mashayi bulala 80 ne. Amma a wannan yanki hukuncin ya daɗe yana zaune kafaɗa da kafaɗa da gado. Sarakunan Katsina da na Gobir da suka kafa Maraɗi da Tsibiri bayan jihadin 1804 Musulmi ne, duk da haka ba su raba gari da Azna ba, domin su ne mayaƙa, su ne manoma. Durbi a Maraɗi da Sarkin Anna a Tsibiri sun riƙe matsayinsu a fada, ana buɗin daji kowace shekara da sanin sarki.

Abin da takobi bai yi ba, kasuwa ta yi shi. Cinikin gyaɗa ya fito da Alhazan Maraɗi, arziki da salla suka zama tagwaye a idon matasa. Kalmar arne ta koma zagi. Saurayin da ake jin warin giya a gidansu ya ga neman aure na yi masa wuya, sai ya ɗauki buta, uban ya bi shi daga baya ko ya mutu da gadonsa. Ƙungiyar Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, ta shigo Maraɗi cikin shekarun 1980 da wa'azi mai zafi a kan duk wani abin da ya yi kama da tsafi. Da Zamfara ta ƙaddamar da shari'a a watan Oktoba na 1999, Katsina ta bi sahu a 2000, masu gidajen giya da yawa suka ƙetaro iyaka da kayansu, abin da ya ƙara harzuƙa masu wa'azi a wannan gefe. A watan Nuwamba na 2000, lokacin zanga-zangar ƙin bikin nunin tufafi na FIMA, an ƙona mashayu da gidajen mata a Maraɗi. A watan Janairu na 2015 ma an sake ganin irin haka a Damagaram da Yamai.

Giyar kwalba dai ba ta taɓa zama ta manomi ba. Kamfanin Braniger, wanda aka kafa a Yamai a 1967, ya shekara da shekaru yana fitar da Bière Niger mai hoton raƙuman dawa, amma masu albashi ne abokan cinikinsa. Kuma kada mai karatu ya zaci da saukar tukunya maye ya bar ƙauye. Gurbin da ta bari, ƙwayar tramol ta shige shi, da barasa mai ƙarfi da ake shigowa da ita a ɓoye cikin leda da ƙananan robobi. Su ba su bukatar taro, ba su da wari mai tona asiri, ba dattijon da ke ƙirga ko nawa yaro ya haɗiya. Barasar da ba a san inda aka tace ta ba kuwa tana iya zama ajali: a 2015 mutane da dama sun mutu a jihohin Ondo da Ribas na Nijeriya bayan shan ogogoro mai guba.

ABIN DA AKA YAR A NAN

Abin mamaki, daidai lokacin da sana'ar ke mutuwa a ƙasar Hausa take farfaɗowa a ƙasashen Turawa. A 1978 shugaban Amurka Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta halatta wa mutum dafa giya a gidansa. A lokacin masana'antun giya na ƙasar duka ba su kai 100 ba. A 2023 sun haura 9,000, galibinsu ƙanana, waɗansu ma a ɗakin ajiye mota suka faro. Mutane kan ɗauki hutu musamman su bi waɗannan ƙananan mashayu gari-gari, suna ɗanɗana, suna tambayar mai gidan wace ƙwaya ya sa, kwana nawa ta yi a tukunya. Abin da suke yabo shi ne a dafa kaɗan, a sha a inda aka dafa, a san hannun da ya dafa, har tsami da duhun ruwa sun zama abin nema. Tsohuwar da ta yi wannan aiki a ƙauyen Kornaka, in ta ji, sai ta riƙe baki.

Har ƙwayar ma tamu suke nema. A 2006 kamfanin Anheuser-Busch ya fito da Redbridge, giyar dawa, domin mutanen da cikinsu ba ya karɓar alkama da sha'ir. Brooklyn Brewery na birnin New York ya yi giya da acca. A Nijeriya wata ƙaramar masana'anta da ta faro a Abuja a 2017 kafin ta koma Legas ta zaɓi sunan Hausa, Bature. A Burkina Faso kuwa abin bai taɓa mutuwa ba, dubban mata na rayuwa da dafa dolo da jar dawa. Ko kusa wannan ba hujja ba ce ta a mayar da tukunya kan murhu a Dakoro. Masu yawon mashayu a Amurka ba daga rumbunsu ake ɗibar sha'ir ba, ba kuma su ke tafiya neman itace ba.

Sai dai akwai wani yanki na ilmin mai giya da bai da alaƙa da maye, shi ne tsiron. Matsalar yaron da aka yaye a karkara ita ce cikinsa ƙarami ne. In an dama masa kunu da kauri ba ya iya haɗiya, in an tsinka da ruwa sai ya cika ciki bai ci komi ba. Cikin shekarun 1980 masana abinci a Tanzaniya da Indiya sun gwada zuba ɗan garin ƙwayar da ta tsira cikin kunu mai kauri yana da ɗumi. Cikin ƴan mintoci kunun ya tsinke ya zama na sha, ba a ƙara masa ruwa ko kaɗan ba, yaro ya sha abinci ninki biyu ko fiye a moɗa ɗaya. Sinadaran nan ne dai da mai giya ke tsirarwa daga wuta. Sharaɗin kawai shi ne a murje saiwa da tsiro sarai, musamman in dawa ce, a kuma mayar da kunun bisa wuta ya tafasa kafin a ba yaro. Cokali guda ya isa kwano, tiya ɗaya ta kai yaro wata biyu ko fiye.

Sanin ranar da ƙwaya ta kai a shanya ta, ba ta gaza ba, ba ta kuma zarce ba, da ido da hanci ake yin sa. Waɗanda suka iya a ƙauyukan Dakoro yanzu kakanni ne masu tasbaha a hannu, kuma yawancinsu ba su son a tambaye su inda suka koya.